Hayaƙin ƙona daji na hana yarona barci, dan Allah ku ba ni shawara

Maman_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Dan Allah shawara nake nema musamman in akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu. A Jos muke, can hanyar Bauchi ta wajen Naraguta, gidanmu na cikin na ƙarshe-ƙarshe kafin a shiga duwatsu, bayanmu ba komai sai gonaki da daji. To tunda ciyawa ta bushe wajen ƙarshen Nuwamba kusan kullum sai an cinna wa dajin nan wuta da yamma, wasu su ce samari ne masu farautar gafiya wasu su ce masu gonaki ne, ni dai abin da nake gani shi ne ana idar da la'asar za ka fara jin ƙauri, kafin isha'i hayaƙin ya sauko ya kwanta a unguwa kamar an lulluɓe mu da bargo, fitilar maƙwabta ma dishi-dishi kake ganinta. Da safe tsakar gida baƙar toka ce ko'ina, 'yan siraran nan masu kama da gashin kaza, har cikin durom ɗin ruwa in an manta ba a rufe ba, shanya kuwa in ta kwana a igiya sai dai a sake wanki.

Damuwata Sadiq ne, shekararsa huɗu, bara aka ce mana yana da asma aka ba shi inhela shuɗiyar nan. Duk damina lafiya lau muka yi. Amma sati uku ke nan ba mu yi barcin kirki ba, da ya kwanta tari zai fara, busasshe mara majina, can tsakar dare sai ka ji ƙirjinsa na fito kamar an sa masa usur a ciki. Daren Talata a zaune muka kwana ni da shi, na jingina shi a jikina saboda in ya kwanta abin ƙaruwa yake, yana ce min Umma iska ta ƙi shiga, wlh sai da na yi hawaye. Ga ƙanwarsa 'yar wata bakwai hanci a toshe, ga Hajiya surukata mai hawan jini tana ta kukan ido na mata yaji da ciwon kai kullum safe.

Muna rufe tagogi ruf tun magariba, da yake kun san sanyin Jos sai Hajiya ta sa a shigo mana da kaskon gawayi ɗaki don yara su ji ɗumi, ta ce sanyi ne ya kama masa ƙirji. Ina shafa masa Robb, ina ba shi madara mai ɗumi, na je wani kemis ya haɗa mana sirof da antibayotik ya sha ya ƙare ba canji. Babansu kuma ya ce hunturu ne kawai kowa ma tari yake a gari, in zafi ya shigo zai wuce.

Shin hayaƙin nan ne ko ƙurar hunturu ce? Takunkumin da muka sa lokacin korona zai yi amfani? Ko in kwashe yaran mu koma gidanmu a Gangare sai wutar ta ƙare?

Ummu_Kubwa:

Wa alaikumus salam. Ayya sannu 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Mu ma nan Abuja haka muke fama, in ka bi titin Kubwa zuwa Zuba da yamma gefen hanya duk wuta ce ke cin ciyawa, ga masu ƙona bola da leda a cikin unguwa. Ni dai abin da nake wa nawa zuma da lemun tsami a ruwan ɗumi, in hayaƙi ya yi yawa in jiƙa hankici su rufe hanci, kuma mamana ta ce madara na wanke hayaƙi daga ƙirji ki ci gaba da ba shi.

Sista_Hauwa:

Maman Sadiq sannu da jinya. Ni nas ce na daɗe a ɗakin yara, kuma kafin in ce komai kan wutar daji dan girman Allah daren yau ɗin nan kada kaskon gawayin nan ya sake kwana a ɗakinku, shi ya fi tayar min da hankali a duk abin da kika rubuta. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta kama wurin da oksijin ya kamata ya zauna kuma ta fi shi riƙo sau 200 da wani abu. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi, daga barcin nan ne wasu ba sa tashi. Ita ce dai ke kashe iyali guda a dare ɗaya in sun kwana da janareta a cikin gida. Ciwon kan safen da Hajiya ke kuka da shi ma ni ban yarda hayaƙin waje ne kaɗai ba. Ki lallaɓa ta cikin ladabi ko ki sa ɗanta ya faɗa mata, a ƙara bargo da safa da hular sanyi, in ɗumi ake so a zuba ruwan zafi a gora a naɗe da tawul a ajiye gefen shimfiɗa.

Sai tambayarki. Duka biyun ne, asma dama dare take so, ga sanyi ga ƙura, sai kuma aka ɗora mata hayaƙi a kai. Kuma abin da ke cutarwa a hayaƙin ba tokar da kike sharewa da safe ba ce, ita wannan manya ce, gashin hanci da majina na tare ta. Matsalar wasu 'yan mitsi-mitsin ɓurɓushi ne da ido ba ya gani, ana kiransu PM2.5, silin gashin kanki ɗaya ya fi su kauri kusan sau 30. Su ne ke wuce hanci su wuce maƙogwaro su gangara har ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini, mafi ƙanƙantarsu ma har jinin suke shiga. Mai asma hanyoyin iskarsa dama a kumbure suke kamar fatar da ta ƙone, da hayaƙi ya taɓa su sai su tsuke su cika da majina, fiton da kike ji ke nan, iska ce ke kutsawa ta ƙaramar ƙofa. Yara sun fi mu shaƙa saboda numfashinsu ya fi namu sauri kuma huhunsu bai gama girma ba. Ga tsofaffi irin Hajiya kuwa abin ba a huhu kawai yake tsayawa ba, yana iya tayar da jini, yana iya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ta riƙa shan maganinta a kan lokaci ana auna mata jini. Masu ciki da masu sikila su ma su kiyaye sosai.

Anti Ummu kada ki ji haushina, zuma da lemun tsami na sanyaya maƙogwaro ba laifi ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, jaririyar dai kar a ba ta zuma, amma madara ciki take tafiya hayaƙi kuma huhu ya shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Jiƙaƙƙen hankici toka kawai yake tarewa. Antibayotik kuma ƙwayar cuta yake kashewa, hayaƙi ba ƙwayar cuta ba ne, shi ya sa ba a ga canji ba.

Ki mayar da shi asibiti a satin nan, kar ki jira sai ya sake tashi. Shuɗiyar inhela buɗe hanya kawai take yi na 'yan awoyi, ba ta taɓa kumburin. Yaron da ke buƙatarta fiye da sau biyu a sati ko tari ke tashinsa daga barci yawanci likita zai ƙara masa ta rigakafi wadda ake shaƙa kullum ko yana lafiya, sau da yawa ruwan ƙasa ce. Kuma ki nemi sifesa, 'yar robar nan da ake maƙala wa inhela, don ɗan shekara huɗu in aka fesa masa kai tsaye yawancin maganin a baki da harshe yake tsayawa. In babu ko ta yi tsada, gorar ruwa ta roba 'yar rabin lita in aka huda gindinta daidai bakin inhela tana yin aikin, an gwada wannan a asibitin yara a Afirka ta Kudu an ga tana aiki kamar ta kanti, amma ki bari nas ta nuna miki ido da ido.

In kika ga ɗaya daga cikin waɗannan ko ƙarfe biyun dare ne ku fita, asibitin koyarwa na JUTH ko duk asibitin da ya fi kusa: haƙarƙarinsa ko ƙasan wuyansa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ya kasa haɗa magana sai kalma ɗai-ɗai, leɓensa ya sauya ya yi duhu, jikinsa ya yi laushi yana lumshe ido, ko an fesa inhela ba sauƙi ko sauƙin bai kai awa huɗu ba. Ki koyi ƙirga numfashi da agogon waya lokacin da yake kwance shiru, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40 a minti ɗaya ya yi sauri, mai wata bakwai kuma 50. In da zazzaɓi a kai ana tunanin nimoniya.

Ɗan_Gangare:

Anti Allah ya ƙara sauƙi. Ni labarin ƙasa na karanta a Unijos, bari in ƙara abin da na sani ko za ki nuna wa Yaya mai gidan, don maganar hunturu ne kawai ɗin nan ita ke cutarmu gaba ɗaya. Ƙurar hunturu daga Sahara take zuwa, da yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a Chadi, wannan ba mu da yadda za mu yi da ita. Hayaƙin kuwa da hannunmu muke kunna shi.

Bargon da kika ce, wlh haka ɗin ne. Da rana ƙasa na zafi iska na tashi sama ta tafi da hayaƙi. Da dare a hunturu, musamman mu a Jos da muke kan tudu kimanin mita 1,200, ƙasa na hucewa da sauri, iska mai sanyi mai nauyi ta gangaro daga duwatsu ta kwanta a ƙasa, iska mai ɗumi na samanta kamar murfin tukunya, hayaƙin da aka kunna da yamma ba inda zai je sai cikin ɗakunanmu. Sai rana ta ɗaga sannan murfin ke buɗewa. Saboda haka lokacin buɗe taga hantsi ne zuwa azahar, ba sassafe ba.

Kuma ba sai wuta ta zo ƙofar gida hayaƙinta ke kisa ba. A Ostireliya gobarar ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 mutum 33 wutar kanta ta kashe, amma da masu bincike suka lissafa waɗanda hayaƙin ya yi ajalinsu ta zuciya da huhu sai suka samu sama da 400. A Yunin 2023 dajin Kanada ne ke ci amma sararin birnin New York a Amurka ne ya koma ruwan goro, har gwamnati na raba wa mutane takunkumi kyauta, duniya ta yi ta magana. Mu fa? Fiye da rabin filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake. Wani bincike da mujallar likitanci The Lancet ta buga a ƙarshen 2024 ya ƙiyasta mutum miliyan ɗaya da rabi ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin wutar daji da ta gonaki, kusan kashi 40 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da abin ya fi yawa. Mu ƙirgawa ce ba ma yi, tsoho ya yi ta tari a hunturu ya rasu sai a ce sanyi ne ya kama shi. Mai data ya shiga taswirar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna FIRMS, kyauta ce, tauraron ɗan adam na nuna duk inda wuta ke ci da jan ɗigo, ku duba a Disamba da Janairu daga Filato, Nasarawa, Binuwai, Taraba har a wuce Afirka ta Tsakiya zuwa Sudan ta Kudu, ja wur kamar an watsa barkono. Ranar da na fara gani jikina ya yi sanyi.

Doka ma akwai, hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA na da ƙa'ida tun 2011 da ta hana ƙona daji da ƙona shara a fili ba izini. Maganar dawowa Gangare kuma, mu nan ma ba tsabtatacciyar iska gare mu ba, ga janareta ga bola ga masu ƙona taya, amma ba a kai na bakin daji ba, in dare ya yi tsanani kwana biyu uku a gida ba laifi.

Baba_Manomi:

Salamu alaikum. 'Yata Maman Sadiq Allah ya ba jikana lafiya. Ɗana ne ya karanta min na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Ni shekara ta fi talatin ina noman masara da dankali ta wajen Babale, kuma gaskiya mu ma mun ƙona ba zan ɓoye ba. Haka muka taso, ana cewa toka taki ce, wuta na korar macizai, kuma ta fi arha kan biyan 'yan ƙwadago su share. Masu shanu na sa wuta don sabon toho ya fito, samari kuma don gafiya da zomo, gafiya ɗaya sai a ƙone dajin da ya kai girman unguwa. Abin da ya sa na daina shekara takwas ke nan, wutar da wasu yara suka sa ta tsallako ta cinye min masarar da na tara ban kai gida ba, ina tsaye da ɗanyen ganye a hannu ina bugu ba abin da na iya. Daga baya malamin gona ya nuna min ashe ma asara muke, tokar iskar hunturu ke kwashe ta kafin ruwa ya sauka, ƙarfin da ke cikin ciyawar ya bi hayaƙi, ƙasa ta bushe ta yi tauri. Yanzu kara da harawa sayar wa masu dabbobi nake, saura in bar shi ya ruɓe a gona.

Shawarata kar mijinki ya je shi kaɗai ya tari samarin nan da faɗa, kuma kar a ce su wane ne ko 'yan ɓangaren wane ne, kin san garinmu, ƙaramar magana ba ta daɗewa take zama babba. Magidanta su haɗu su je wajen mai unguwa, a kira liman a kira fasto a kira shugaban matasa da na mafarauta da ardo, don su ma suna da yara da tsofaffi masu tarin nan. Mu abin da muka yi, farkon rani muka yi gayya muka share ciyawa tsakanin gidaje da daji kamar faɗin titi, wuta in ta zo nan sai ta rasa abin ci ta tsaya. Sannan aka yi yarjejeniya wanda dole sai ya ƙona gonarsa ya faɗa wa maƙwabta, ya yi da hantsi ba da yamma ba, ya tsaya a kai har ta mutu. Ba a daina duka ba amma ya ragu ƙwarai. A faɗa musu ƙarara akwai yaron da ke kwana a zaune, yawancin samarin nan ba su sani ba.

Sani_Keke:

Anti sannu. Ni keke nake ja Terminus zuwa Farin Gada zuwa hanyar Bauchi, wuni nake a cikin hayaƙi da ƙura, da yamma in na yi kaki baƙi ne ƙirin. Na yi ta sa takunkumin yadin nan na korona ba wani bambanci, sai wani fasinja ya ce in nemi N95, na samu wajen masu sayar da fenti da kayan gini, mai igiya biyu da ke zagaye ƙeya da ɗan ƙarfe a kan hanci, wlh tun ranar farko na ji bambanci, kwana uku huɗu sai ka ga wajensa ya yi toka-toka ka ce duk wannan da cikina zai shiga. Tambayata Sista, ni ina da gemu an ce ba ya aiki da gemu, kuma ana wanke shi? Yaro zai iya sawa?

Sista_Hauwa:

Malam Sani, N95 da KN95 da FFP2 kusan abu ɗaya ne, an yi su su tare kashi 94 zuwa 95 cikin 100 na ɓurɓushin nan, amma sai sun manne a fuska, in akwai kafa a gefe ta nan iska za ta bi. Gemu na rage mannewar gaskiya ne, amma ka ci gaba da sawa ka matse ƙarfen hancin, ya fi babu nesa ba kusa ba. Ba a wanke shi, ruwa na lalata abin da ke kama ƙurar, in ya yi datti ko numfashi ya fara wuya a ciki a canza. Na yadi da shuɗin nan na asibiti manyan ƙura da toka suke tarewa. Kuma duk cikinsu ba wanda ke tare iskar gawayi ko ta janareta.

Yaro ƙasa da shekara biyu ba a sa masa sam, jaririyar kar a gwada. Sadiq akwai ƙananan na yara zai iya sawa na ɗan lokaci in dole ne a fita, amma ba ya barci da shi kuma ba a sa masa lokacin da numfashi ya sarƙe. Abin da ya fi masa takunkumi shi ne ɗaki ɗaya mai iska mai kyau. Maman Sadiq ki zaɓi wanda tagarsa ba ta kallon daji, tun la'asar kafin ƙauri ya iso a rufe, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, kafofin taga a cusa tsumma ko a manna salatif. Cikin ɗakin nan ba turaren wuta, na san mu mata da turare amma a haƙura tukuna, ba maganin sauro na kunnawa ba fiya-fiya a ɗaura gidan sauro, ba risho ba kyandir ba sigari, suya da girkin itace a yi nesa da shi. Kar a share da busasshiyar tsintsiya tokar ta sake tashi, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Fanka ba ta tace iska, juya ta kawai take. Mai hali akwai na'urar tace iska mai matatar HEPA tana aiki sosai a rufaffen ɗaki, sai dai tsada da matsalar wuta. Da hantsi in gari ya washe a buɗe ko'ina iska ta ratsa kamar yadda ƙanina na Gangare ya ce. Ranar da hayaƙi ya yi yawa wasan waje da Islamiyyar yamma ya haƙura, gudu na sa yaro ya zuƙa sosai. Robb ɗin ma ki rage, ƙamshi mai ƙarfi na tayar wa wasu masu asma, jaririya kuma kar a shafa mata a hanci.

Maman_Sadiq:

'Yan uwa na gode Allah ya saka da alheri, yau kwana shida da rubutuna na ce bari in dawo in faɗa muku. Kasko ya fita tun daren nan, babansu ne ya zauna ya karanta wa Hajiya abin da Sista ta rubuta, ta yi shiru can ta ce ashe shi ya sa take tashi kai kamar an ɗora mata dutse, yanzu ita ke tuna min a sa wa yara safa. Ciwon kan safen ya tafi, idon ne dai har yanzu. Litinin muka je asibiti likita ya saurari ƙirjinsa ya ƙara masa inhela ruwan ƙasa safe da yamma ya ce a riƙa kuskure masa baki in ya shaƙa, nas ta huda gorar ruwa ta nuna min yadda zai ja numfashi a ciki a hankali, ashe duk shekarar nan ba daidai maganin ke shiga ba. Ni da yara mun koma ɗakin Hajiya da ke ɓangaren titi, mun manne tagar da salatif. Daren jiya ya yi tari sau biyu wajen ƙarfe uku amma bai farka ba, na haska waya na ƙirga numfashinsa 28. Gangare ban tafi ba amma jakarmu a haɗe take.

Babansu da maƙwabta huɗu sun je wajen mai unguwa, ya ce Asabar bayan la'asar zai tara mutane, an aika wa shugaban matasan tsallaken rafi shi ma ya ce zai zo. Jiya ma an sa wutar ta bayan dutse, ƙaurin ya iso mana wajen magariba. Baba dan Allah babansu ya ce in tambaye ka, faɗin filin taku nawa ne, kuma ciyawar da aka share ina ake kai ta tunda ba ƙonawa za a yi ba?

Baba_Manomi:

Alhamdu lillahi 'yata. Mu taku goma muka yi, inda ciyawa ta yi tsawo ko gangare ne a ƙara. A yanke da adda sannan a kankare da fartanya har ƙasa ta fito, kar a bar tari a bakin filin. Mai kyau a ba masu dabbobi za su kwashe da kansu, saura a haƙa rami a zuba a rufe da ƙasa kafin damina ya zama taki. Ki ce wa mijinki Asabar ɗin in Allah ya kai mu zan sa yaro ya kawo ni.